Yadda Yaya Yanzu-yanzu ya Zaɓa wa Lele Makaranta

A gidanmu ba mai kiran babban yayana da sunansa na gaskiya. Yanzu-yanzu ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Tun yana ƙarami, ko me aka tambaye shi amsar ke nan. Yaushe za ka dawo? Yanzu-yanzu. Yaushe kake son wandon nan? Yanzu-yanzu. Mahaifiyarmu takan ce ko ranar haihuwarsa bai bari an ƙarasa asibiti ba, a cikin mota ya iso, direba na ta salati.

Ni ce autarsu, don haka ni na fi kowa shan wahalar halin nan. A tsaye yake cin abinci. Shayi kuwa sai ya ƙona baki sannan ya hau kofin da faɗa. In kana ba shi labari, kafin ka kai tsakiya zai ce, "To, a ƙarshe me ya faru?" In ka tsaya neman kalma sai ya miƙo maka tasa, kuma abin haushin shi ne sau da yawa yakan dace. Ba mugu ba ne, kar a ɗauke ni baibai. Mutum ne da in ka ce masa kana cikin matsala, kafin ka rufe baki ya sa takalmi. Sai dai wani lokaci ba wadda za ka faɗa ba ce ya tafi gyarawa.

Sana'arsa gyaran lifta, akwatin nan mai hawa da sauka da mutane a dogayen benaye. Da ya fara koyo mun sha dariya, muka ce ya samu aikin da ya dace da shi, tunda duk duniya ba abin da ya tsana kamar ya ga mutum a tsaye yana jira. Amma a wurin aikin ne na ga wani Yaya da ban sani ba. Wata rana na kai masa saƙo wani otal, na tarar da shi durƙushe a gaban ƙofar lifta, ya manna kunne a jikin ƙarfen, ido a rufe. Na buɗe baki zan gaishe shi, ya ɗaga min hannu ko kallona bai yi ba. Haka na tsaya har ƙafata ta yi tsami. Can ya miƙe ya ce wa abokin aikinsa wata taya ce ta cinye a sama, suka hau suka canza ta.

Na ce, "Yaya, ashe ka iya shiru?"

Ya ce, "Inji ba ya son a katse shi. In kika ƙyale shi, da kansa zai gaya miki inda ke masa ciwo."

Na ce, "Dama ni ma inji ce."

Bai ji ni ba, ya riga ya kai bakin matakala.

Ya auri mace mai sanyin hali, Anti muke ce mata. Gwajin jini take yi a asibiti, aikin da ba a yin sa da garaje. Dangi sun ce auren nan ba zai je ko'ina ba, ga shi har yau suna tare. Shi yana magana, ita tana barin sa ya gama, sannan a yi abin da ta ce. Abu ɗaya ne ya ƙi zuwar masa yanzu-yanzu, shi ne haihuwa. Sun daɗe suna jira, har masu tambaya suka gaji suka daina. Da Allah ya ba su 'ya mace, ya rasa inda zai ajiye ta don so. 'Yar lele aka yi ta ce mata, har sunan ya gajarce ya koma Lele.

Lele tana da in'ina. In tana waƙa ko tana hira da 'yar tsanarta ba za ka gane ba. Amma da an tsare ta da ido an yi mata tambaya, sai kalma ta maƙale. Leɓenta ya kama rawa, ta runtse ido, wuyanta ya ɗaure. Yaya ba ya iya kallon wannan. Na sha ganin fuskarsa a irin lokacin, kamar shi aka shaƙe. Sai ya yi abin da ya saba, ya ƙarasa mata. Ta ce, "Ina son r-r-r," ya ce, "Ruwa, ga shi nan." Likitar da aka kai ta wurinta ta ce a riƙa barin ta ta gama da kanta, komai daɗewa. Ya ce to, kuma har ga Allah ya yi niyya, amma kullum bakinsa yana riga niyyarsa. A hankali Lele ta gano hanya mai sauƙi. In baƙo ya tambayi sunanta, sai ta juya ta kalli babanta. Kafin ta cika shekara tara, in dai yana ɗakin ba ta ma fara magana. Wannan abu yana cin Anti a rai, ni ma yana ci na.

Akwai wani labarinsa da muke ba baƙi don a yi dariya. Lokacin suna zaune a wani dogon bene, Lele ba ta wuce shekara bakwai ba. Wata safiya aka aike ta ƙasa ta karɓo burodi a wurin maigadi, tana cikin lifta wuta ta ɗauke, ya tsaya cak tsakanin hawa biyu. Ina gidan ranar. Yaya yana banɗaki yana aski. Ya fito a guje, rabin fuska kumfa, tawul a ƙugu, ƙafa ɗaya silifas ɗinsa, ɗayar kuma na Anti mai fure a sama. Makullin ɗakin injin yana hannun mai kula da ginin, shi kuwa ya tafi kasuwa, sai da aka bi bayansa. Ga mai gyaran lifta guda, ga 'yarsa a ciki, ba abin da zai iya. Ya kwanta rub da ciki a kan siminti, kunne a ƙasan ƙofa, maƙwabta na tsallake shi, har aka kawo makullin. Mu dai abin da muka riƙe a labarin shi ne kumfa da tawul da silifas mai fure.

Bayan haka aure ya kai ni wata ƙasa, na kama aiki a kantin magani. Ina nan sai ga wayar Yaya. Kamfaninsu ya samu kwangilar kula da liftocin wasu asibitoci a birnin da nake, an turo shi na wasu shekaru, har da iyalinsa. Shi zai fara zuwa ya nemi gida da makaranta, Anti da Lele su biyo baya. Makarantun gwamnati a nan da yaren ƙasar ake koyarwa, Lele kuwa ko sannu ba ta ji a cikinsa. Sai dai makarantun 'ya'yan baƙi, na ƙasa da ƙasa, inda ake karatu da Turanci. Zancen makarantar kwana bai ma taso ba, don Yaya ya ce 'yarsa ba za ta kwana a ginin da ba ya ciki ba. Ta jeka-ka-dawo ake nema. Kamfani ne zai biya, saboda haka abin da ya rage shi ne wacce.

Gida bai ɗauke shi lokaci ba. Ya shiga, ya buga bango, ya kunna famfo, ya ce ya yi. Makaranta ce ta ja mu. Ranakun aiki yana cikin ramin lifta tun safe har yamma, sai ranar hutun mako yake samun sarari, ranar kuwa makarantu a rufe suke. Wannan bai dame shi ba, cewa ma ya yi hakan ya fi, ba hayaniya. Ni ce direba. Mu je, ya gaisa da maigadi, ya nuna katin aikinsa, ya yi ta magana har mutumin ya gaji ya buɗe mana.

Da mun shiga sai ya kama aiki. Ya duba tukunyar kashe gobara ko wa'adinta ya wuce. Ya jijjiga ƙarfen riƙewa na matakala da hannu biyu. Ya buɗe akwatin wayoyin lantarki ya shinshina. Ya shiga banɗakin yara ya ja ruwa, ya tsaya ya ji yadda yake tafiya. A wata makaranta har saman rufi ya hau ya leƙa tankin ruwa, ni da maigadi muna ƙasa muna kallon juna. Duk abin da ya gani sai ya ɗauka a waya ya aika wa Anti.

Wata rana ta kira muna cikin mota, ya sa ta a fili don hannunsa na riƙe da sukundireba.

Ta ce, "Baban Lele, na ga matakala, na ga famfo, na ga tanki. Yaran fa?"

Ya ce, "Waɗanne yara?"

"Na makarantar. Da malamansu."

"Ai yau hutu ne."

Ta ce, "To."

Duk wanda ya san Anti ya san wannan "to" ɗin ba ƙarshen magana ba ne.

Shi dai ya riga ya zaɓa. Akwai wata sabuwar makaranta a gefen gari, gini ne na gilashi tun daga ƙasa har sama, da wurin ninkaya, da filin wasa mai ciyawa kamar darduma. Abin da ya tafi da zuciyarsa shi ne liftan da ke ciki. Ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, ya ce mutanen da suka kula da inji haka ba za su wulaƙanta yaro ba. Anti ta ce ta ji, amma in sun iso za a je ranar karatu, kuma ba ɗaya za a gani ba, biyu. Ta biyun ni na kawo ta. Wata mata da ke sayen maganin asma na ɗanta a kantinmu ce ta yaba min ita. Tsohon gidan ajiye kaya ne a bayan tashar jirgin ƙasa aka mayar makaranta. Yaya ya taɓa shiga ranar hutu, ya jijjiga ƙarfen matakala ya ji yana motsi, ya fito ya ce ko kyauta ba ya so.

Suka iso. Lele ta yi tsawo, ta rungume ni ta ce "Gwaggo" a kunnena, daga nan ban ƙara jin muryarta ba har muka isa gida.

Ta gilashin muka fara zuwa. Jami'ar da ke ɗaukar ɗalibai ta karɓe mu a ofis mai sanyi, aka kawo mana lemo. Ta yi wa Lele murmushi ta tambayi sunanta. Lele ta kalli babanta. Ya faɗi sunan, ya ƙara da shekarunta, da ajinta, da darasin da ta fi so, ya kuma yi bayanin in'inar tun daga tushe. Matar ta juya kujerarta wajensa, daga nan duk tambayoyin shi ta yi wa.

Ta ce, "Kada ka damu, muna da tsari domin irinsu. Ba za a taɓa tsayar da ita ta yi karatu a gaban aji ba. Kowane yaro yana da kwamfutar hannu. In tana da amsa sai ta rubuta, malami zai gani. Ba wanda zai takura mata ta yi magana."

Yaya ya waiwayo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon nan na ai na gaya muku. Ni ma maganar ta kwanta min. Matar ba yaudara take ba, tausayi ne a fuskarta, kuma wa zai ƙi a sauƙaƙa wa ɗansa?

A mota Anti ta ce, "Mun shiga mun fito, ba wanda ya ji muryarta."

Ya ce, "Ai shi ne daɗin wurin, Maman Lele."

Washegari muka je ta bayan tasha, don a cika wa Anti sharaɗi. Tun daga bakin ƙofa hayaniya ta tarye mu. Yara ne iri-iri, baƙi da farare da jajaye, jakunkuna a rataye a ƙusoshi, zane-zane manne a bango har wani ya rufe wani. In jirgi ya wuce sai tagogi su yi rawa. Shugaban makarantar bai zaunar da mu a ofis ba. Ya ce su ƙa'idarsu ita ce yaro ya ɗan zauna a ajin da zai shiga, ya ga yara, yara su gan shi. Ya raka mu sama. Yaya ya taɓa ƙarfen matakalar ya yi tsaki.

Malamar ajin doguwa ce mai furfura, da tabon tawada a hannun rigarta. Ta gaishe mu a taƙaice, ta sunkuya daidai tsayin Lele.

Ta ce, "Yaya sunanki?"

Yaya ya ce, "Sunanta..."

Ta ce, "Ita na tambaya, Baba."

Leɓen Lele ya fara rawa. Yaya ya daure iya dauriyarsa, wadda ba ta da yawa, ya ce, "Ai in'ina gare ta, shi ya sa nake..."

Malamar ta miƙe ta ce, "Na gane. Ga benci can a baranda, ku huta. In mun gama zan kawo muku ita."

Ta kama hannun Lele ta shigar da ita, ta rufe ƙofa a hankali. Rabon da a fitar da Yaya daga ɗaki tun yana firamare. Ya tsaya baki buɗe, ni kuma na sunkuyar da kai ina gyara ɗaurin takalmin da ba abin da ya same shi.

Ƙofar tana da ɗan gilashi a sama. Benci bai ga Yaya ba, can ya je ya kafa ido, mu ma muka leƙa ta gefensa. Muna gani amma ba ma ji. Yaran sun zauna a ƙasa sun yi da'ira, ana bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi wani abu. Aka zo kan Lele. Ta waiga wajen ƙofa, ta ga ba mai cetonta, ta miƙe.

Muka ga bakinta ya buɗe ya tsaya. Ta runtse ido. Malamar ta ɗora hannu a cinya tana kallonta, kamar ba ta da wani aiki a duniya sai wannan. Wani yaro yana sosa kunne, wata tana wasa da igiyar takalmi, amma ba wanda ya ce uffan. Daga baya na gane yawancin yaran nan su ma da guntun Turanci suka zo, kowa ya ɗanɗana wahalar neman kalma a gaban mutane, shi ya sa jira bai zame musu aiki ba. Yaya kuwa gumi ya wanke shi. Ya kai hannu kan mariƙin ƙofa, Anti ta riƙe masa wuyan hannu.

Can sai muka ga kamar maganar ta fara fita. Ta tsaya, ta ci gaba, ta sake tsayawa. Ta shafa rabin fuskarta da hannu, ta nuna ƙugunta, ta nuna ƙafa. Sai ajin ya fashe da dariya, irin wadda ƙofa ba ta iya tarewa. Wani yaro har ya faɗi da baya yana riƙe ciki.

Kafin mu ankara Yaya yana tsakiyar ajin.

Ya ce, "Ban kawo 'yata nan don a mayar da ita abin dariya ba!"

Malamar ta miƙe ta ce, "Baba, dakata ka ji."

Yaya da dakatawa? Ya fizgi hannun Lele, muka bi shi a baya kamar an koro mu.

A mota ya yi ta faɗa. Ya zagi matakala, ya zagi jirgin ƙasa, ya ce malamar da za ta zauna tana kallo ana yi wa yarinya dariya ba malama ba ce. Ya ce ni ma da laifina, da na kwaso makaranta a bakin masu sayen magani. Gobe-gobe za a kai Lele ta gilashi, magana ta ƙare. Lele ta jingina kai da taga, hawaye na bin kumatunta. Ni ma raina ya ɓaci da yaran nan, ban ɓoye ba. Anti kuwa ta tsura ido tana kallon 'yarta.

Muka isa ginin da suka kama gida. Ya danna maɓallin lifta yana ci gaba da faɗa. Liftan ya taso daga sama, sai ya yi wata 'yar ƙara, ƙiii, kamar an ja kujera. Yaya ya yanke maganarsa a tsakiya.

Ya ce, "Ku yi shiru."

Ya manna kunne a ƙofar, ya rufe ido, ya ɗaga mana hannu. Wurin ya yi tsit. A cikin shirun nan da shi da kansa ya sa aka yi ne Lele ta buɗe baki.

Ta ce, "Ba... ba... ba ni s-suke wa dariya ba."

Bai motsa ba. Ko injin yake saurare har lokacin, ko sabo ne ya riƙe masa baki, ban sani ba.

Ta ja numfashi ta ce, "K-k-kai ne."

Ya buɗe ido. "Ni?"

"L-labarinka nake ba su. Na t-tawul."

Na yi iya ƙoƙarina, amma dariyar ta ƙwace min. Anti ta toshe baki da gefen mayafi. Yaya ya kalle mu, ya kalli 'yarsa, fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Haba Lele, ai sai ki gaya min! Na ranar da wuta ta ɗauke ko? Na fito da kumfa a fuska, sai aka kawo makulli, sai..."

Ta ce, "B-ban gama ba."

"To gama mana yanzu-yanzu, muna ji."

Ta girgiza kai. Ta daɗe a kan kalmar farko, wannan karon kuma bai san abin da zai miƙa mata ba.

Ta ce, "Z-z-za ka ƙarasa min."

Liftan ya iso, ƙofa ta buɗe. Ba wanda ya shiga, ta gaji ta rufe kanta.

Anti ta ce min ranar ko a tsaye bai ci abinci ba. Da safe ya kira ni ya ce, "Auta, zo ki kai mu." Ban tambaye shi ina ba.

Haƙurin da ya ba malamar irin nasa ne, cikin sauri, yana kallon ƙasa. Ta karɓa ba ta ja maganar ba. Ta ce jiya yaran sun hana ta sakat, suna son jin ƙarshen labarin.

Ta ce, "Abin da na tambaye su shi ne kowa ya ba mu labarin ranar da ta fi masa daɗi a rayuwa."

Ni da Anti muka haɗa ido. Ranar da ta maƙale a lifta cikin duhu ce ta fi mata daɗi?

Malamar ta ce za mu iya zama a bayan aji, da sharaɗi ɗaya, kuma ta dubi Yaya lokacin da take faɗa. Ya ce ya gane. Aka ba mu kujerun yara. Ya zauna gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinya ya danne.

Lele ta miƙe ta sake farawa daga tawul. Yaran suka sake darawa, suna waiwayen Yaya, wasu har suna leƙa ƙafarsa. Ya daure. Sannan ta shiga ɓangaren da mu ba mu taɓa sani ba. Ba zan rubuta shi yadda ya fito ba, don ya daɗe kafin ya fito. Ta ce cikin liftan duhu ne, ta ji tsoro, ta zauna a ƙasa ta rungume burodin. Sai ta ji muryar babanta ta ƙasan ƙofa yana cewa, "Lele, ina nan. Kar ki taɓa komai. Yi min magana, kar ki daina, in san lafiyarki ƙalau." Ta ce masa me za ta ce, ya ce ko me. Sai ta gaya masa haƙorinta yana girgiɗi. Ta gaya masa akwai kyanwa da ta haihu a bayan ajinsu. Ta gaya masa ba ta son rigar nan ruwan ɗorawa da ya saya mata, da sunan ƙawarta, da mafarkin da ta yi. Ta ce ta maƙale sau da yawa, amma abin da kawai yake cewa shi ne, "Uhm, ina ji."

Nan ta sake maƙalewa, a gabanmu, doguwar maƙalewa. Jirgi ya zo ya wuce, tagogi suka yi rawa suka daina, kalmar ba ta fita ba. Na ga jijiyar wuyan Yaya ta miƙe. Leɓensa ya motsa, ya cije shi.

Ta ce, "Ranar B-baba ya ji m-maganata duka. Da aka b-buɗe ƙofar, b-ban so ba."

Ta zauna. Yaran suka tafa mata kamar yadda suke tafa wa kowa. Wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko daga baya an aske ɗaya rabin fuskar. Ni dai hawaye nake, ban damu da wanda ya gani ba. Malamar ta dubi bayan aji ta ce, "Baba, akwai abin da za ka ce?" Kansa na ƙasa. Ya girgiza shi kawai.

A makarantar bayan tasha Lele take har yau. Tana karatu a gaban aji in layi ya zo kanta, wata rana ya tafi sumul, wata rana a sha jira. In'inar ba ta tafi ba, kuma ba wanda ya yi mana alkawarin za ta tafi. Yaya bai daina cewa matakalar nan za ta karya wani ba. Wani hutun mako ya je da sifana ya shawo kan maigadi, ya ɗaure ƙarfen, ba wanda ya sa shi. Har yanzu a tsaye yake cin abinci, har yanzu ni yana ƙarasa min magana, wani lokaci ma bakinsa yakan kuɓuce masa a gaban Lele, sai ya kama kansa ya ce, "Yi haƙuri, ci gaba."

Kwanan baya suka zo gidana cin abinci, akwai wani abokin maigidana da bai san su ba. Ya dubi Lele ya tambaye ta a wace makaranta take. Ba ta kalli babanta ba. Ta fara, kalmar ta maƙale, leɓenta ya kama rawa. Baƙon, don kirki, ya buɗe baki zai taimaka mata. Yaya yana tsaye a bakin ƙofar kicin da faranti a hannu. Ya karkatar da kai wajen 'yarsa, ido a rufe, ya ɗaga wa mutumin hannu.